Ruwa ba ya tsami banza: abin da ke ɓoye a cikin jarka da gorar ruwan sha

A watan Yunin 2004 aka tabbatar da ɓarkewar cutar atuni, wato gudawa mai jini, a sansanin 'yan gudun hijira na Abu Shouk da ke gefen birnin El Fasher, a Darfur ta Arewa a ƙasar Sudan. Kamar yadda aka saba, ruwan sha aka fara zargi. Ma'aikatan agaji suka auna ruwan da jama'a ke ɗiba, ba su ga alamar gurɓata ba. Ruwa na fitowa lafiya lau, amma masu gudawa ba su daina zuwa asibiti ba.

Sai hankali ya koma kan abin da ake zuba ruwan a ciki. Aka yi gangami, aka bi jarkoki da bokitan mutanen sansanin ana wanke su da ruwan kulorin. Bayan gangamin, alƙaluman asibitocin sansanin suka nuna raguwar masu gudawa. Waɗanda suka rubuta rahoton aikin a shekarar 2005 ba su cika baki ba, sun ce da wuya a sami ƙididdiga tsayayya a lokacin gaggawa, amma alamu sun nuna wankin ya yi tasiri.

Wani bincike da aka yi a wani sansanin 'yan gudun hijirar Mozambik a ƙasar Malawi, wanda mujallar Hukumar Lafiya ta Duniya ta buga a 2001, ya ba da lamba. Can ma ruwa mai kyau ne ke fitowa daga rijiya, sai ya lalace a hanya da cikin gida, musamman daga hannuwan masu ɗiba. Da aka raba wa wasu gidaje bokiti mai murfi da bakin tsiyaya, wanda hannu ba ya shiga, ƙwayoyin da ke nuna an sami kashi a ruwa sun ragu da kashi 69 cikin 100, gudawa kuma ta ragu da kashi 31 cikin 100 a tsakanin yara 'yan ƙasa da shekara 5.

Wannan magana ta shafi duk unguwar da ruwa ba ya zuwa har cikin gida. A Maroua da Kousseri, a N'Djamena da Abeche, a zangunan Kumasi da Accra, ruwa kan sauya mazubi sau biyu ko uku kafin ya isa baki: daga famfo zuwa jarkar ɗan ga-ruwa, daga jarka zuwa randa ko kula, daga nan zuwa gorar ɗan makaranta ko ta direba. Ana kashe kuɗi masu yawa a haƙa rijiyar burtsatse, amma da wuya a ji wani ya tambayi yaushe rabon jarka da wanki. Yankin Tafkin Chadi kuwa ya san kwalara, domin annobar 2010 da 2011 ta kama dubban mutane a Kamaru da Chadi da Najeriya da Nijar.

Santsin da ke jikin mazubi

Duk wanda ya zura yatsa a wuyan jarkar da ta kwana biyu ba a wanke ba zai ji wani santsi mai ɗan yauƙi. Mutane da yawa na ɗaukar sa a matsayin halin roba ne kawai idan ta daɗe da ruwa. Ba haka ba ne. Santsin nan gida ne da ƙwayoyin bakteriya suka gina wa kansu. Sukan fara manne wa bangon mazubi, su hayayyafa, sannan su fitar da wani abu mai danƙo su lulluɓe jikinsu da shi. Idan wuri da ɗumi, cikin 'yan kwanaki aikin ya kankama, kuma ɗumi ba ya yanke wa ƙasashen Sahel.

Irin wannan shimfiɗa ce ke taruwa a haƙorin mutum idan ya kwana bai yi asuwaki ba. Tun a 1683 wani Baholande mai suna Antonie van Leeuwenhoek ya kankaro dattin haƙorinsa ya duba da madubin ƙara girma da ya ƙera da hannunsa, ya ga ƙananan halittu na motsi. Ya kuma lura cewa idan ya kurkure baki da ruwan khal, na sama-sama ne kawai ke mutuwa, na can ciki suna nan daram. Abin da ya gani a haƙori shi ne abin da ke faruwa a jarka. Kurkure baki ba ya maye gurbin asuwaki, haka ɗauraye jarka da ruwa zalla ba ya taɓa santsin. Ruwan ɗauraya ya wuce ta kansa ya fita, sabon ruwa ya shigo, ƙwayoyin su riƙa ɓallowa kaɗan-kaɗan suna shiga cikinsa.

Akwai ɓarna ta biyu da ba a cika lura da ita ba. Ruwan famfo da aka sa wa magani yakan zo da ɗan ragowar kulorin, wanda aikinsa shi ne ya ci gaba da tsaron ruwan bayan an ɗiba. Shi ne ɗan warin da wasu ke ƙorafi a kansa. Idan aka zuba ruwan a mazubi mai dauɗa, dauɗar ce ke cinye kulorin ɗin, ruwa ya zauna ba mai gadi. Haka abin yake ga wanda ya jefa ƙwayar maganin ruwa irin Aquatabs a jarka mai santsi: wani ɓangare na ƙarfin maganin a bango zai ƙare.

Ba kowace ƙwaya da ke cikin santsin ce ke sa ciwo ba. Gorar da mutum ɗaya ke sha shi kaɗai, yawancin abin da ke cikinta daga bakinsa ya fito, kuma babba mai lafiya kan sha ya wuce. Haɗarin na zuwa ne idan ƙwayoyin da ke fita ta bayan gida, irin na kwalara da taifod da atuni, suka sami hanyar shiga ta hannun da ba a wanke ba, ko moɗar da aka ajiye a ƙasa, ko murfin da ya faɗi aka ɗauka aka mayar. Ƙwayar kwalara kanta ta iya gina irin wannan gida. Wanda ke fara jin jiki kuwa shi ne yaron da aka yaye, da tsoho, da marar lafiya.

Kore-koren da ake gani a cikin farar jarka wani abu ne daban. Gansakuka ce, kuma haske take buƙata kafin ta tsiro, shi ya sa ta fi yawa a mazubin da rana ke ratsawa. Ita kanta ba ita ce ke kawo kwalara ba, amma shaida ce cewa mazubin ya daɗe bai ga sabulu ba.

Jarka: daga ina ta fito, kuma yaya ake wanke ta

Sunan jarka daga yaƙi ya samo asali. Jamusawa ne suka ƙera gwangwanin ƙarfe mai cin lita 20 don ɗaukar man fetur a shekarun 1930, sojojin Ingila da ke yi wa Jamusawa laƙabi da Jeri suka sa masa suna, sunan ya bi duniya har ya zama jarka a bakin Bahaushe. A ƙasashen da ake Faransanci an fi jin bido. A Ghana kuma rawayar jarkar nan ta sami laƙabin galan ɗin Kufuor, saboda ƙarancin ruwan da aka yi fama da shi a zamanin mulkin shugaba John Kufuor.

Rawayar jarka mai cin lita 20 ko 25 yawanci ta man girki ce kafin ta koma ta ruwa. Wannan ba laifi ba ne, domin robar abinci ce, amma sai an fitar da maiƙon tas da ruwan ɗumi da sabulu, sau biyu ko uku in ta kama. Maiƙo abinci ne ga ƙwayoyin cuta. Wadda babu wankin da zai gyara ita ce jarkar da ta taɓa ɗaukar maganin feshi, ko fetur, ko gas, ko baƙin mai. Roba na tsotse waɗannan abubuwa ta riƙa sakin su sannu a hankali, ko bayan wari ya tafi. A yankunan noman auduga na arewacin Kamaru da kudancin Chadi, robobin maganin ƙwari masu kauri da murfi mai kyau kan ba mutum sha'awa ya mai da su na ruwa ko na nono. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta daɗe tana gargaɗi a kan haka, kuma shawararta ita ce a ɗauraye irin wannan roba sau 3 a zuba ruwan a cikin tankin feshi, sannan a huda ta don kada wani ya tsinta ya yi amfani da ita. Mai sayen jarka ta hannu a kasuwa, in bai san abin da ta ɗauka a baya ba, gara ya ƙara kuɗi ya sayi wadda tambarin man girki ke jikinta.

Matsalar jarka ita ce alherinta. Bakinta ƙarami ne, hannu ba ya shiga, shi ya sa ruwanta ya fi na bokiti tsira daga yatsun yara. Amma hannun mai wanki ma ba ya shiga. Dabarar da kowa ya sani ita ce a zuba tsakuwa ko yashi da ɗan ruwa da omo a jijjiga. Tana aiki, ido ma na ganin dauɗar da ke fita. Sai dai tsakuwa mai kaifi na karce robar, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: kowane karce wani lungu ne da santsi zai zauna inda sabulu ba ya kaiwa. Jarkar da ake yi wa wankin tsakuwa kullum takan ƙara saurin yin dauɗa. Abin da ya fi shi ne a ɗaure soso ko tsumma mai tsabta a bakin sanda mai ɗan lanƙwasa, a bi bango da kusurwoyi da ƙarƙashin mariƙi, inda dauɗa ta fi ɓuya. In dole sai an jijjiga, a nemi tsakuwa mai sulɓi irin ta rafi, a wanke ta tukuna, ko a yi da ɗan ɗanyen hatsi kamar shinkafa. Yashin da aka kwasa a tsakar gida, inda kaji da awaki ke yawo, ƙarin cuta ne.

Inda sabulu ya yi wuya, toka mai tsabta daga murhu ko ruwan kanwa na yanke maiƙo da wari. Iyaye sun daɗe suna wanke ƙorai da su, kuma suna da dalili. Amma wanki suke yi, ba a dogara da su wajen kashe ƙwayoyin kwalara.

Murfi kuwa shi ne marainiyar jarka. Zaren da ake murɗawa da ɗan zoben robar da ke ciki sukan yi baƙi ƙirin. Tsohon burushin haƙori da aka keɓe don wannan aiki ya isa. Jarkar da murfinta ya ɓata aka toshe da leda ko tsumma ko totuwar masara, kullum ana sa wa bakinta sabon datti ne.

Ruwan Javel da yadda ake auna shi

Bayan sabulu sai kashe ƙwayoyi, kuma abin da ya fi sauƙin samu shi ne ruwan Javel. Sunan na wata unguwa ce a bakin kogin Seine, a cikin birnin Paris na yanzu, inda aka fara haɗa shi a ƙarshen ƙarni na 18. A Najeriya an fi sanin sa da sunayen kamfani irin su Hypo da Jik, a Ghana kuma Parazone. Duk abu ɗaya ne, sai dai ƙarfi ya bambanta, kuma nan ne ake yawan kuskure.

Cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ba da ma'auni mai sauƙin riƙewa don tsabtace mazubin ruwan sha: cokalin shayi 1, wato mililita 5, a cikin kusan lita 1 ta ruwa, idan maganin na da ƙarfin kashi 5 zuwa 9 cikin 100. A zuba a jarkar da aka riga aka wanke, a rufe, a jijjiga yadda zai taɓa ko'ina har murfi, a bar shi aƙalla daƙiƙa 30, a zubar. Amma Javel ɗin da aka tsarma irin na tsarin Faransa kashi 2.6 ne, don haka cokali 2 ake buƙata a lita kafin a kai wancan ƙarfi. Wasu kwalabe kuma da digiri ake rubuta musu, inda digiri 1 ya kai kusan kashi 0.3, ke nan mai digiri 12 bai kai kashi 4 ba. Daƙiƙa 30 ɗin nan mafi ƙaranci ce, ga mazubin da ba shi da wata dauɗa. Tsohuwar jarka da aka kankare wa santsi ta cancanci a bar mata maganin na wasu mintoci ana juya ta.

Javel na rasa ƙarfi da zafi da haske. Wanda aka ƙulla a leda ko aka ɗura a kwalba marar tambari, ya wuni a rana a kan tebur, ba wanda ya san abin da ya rage a cikinsa. Mai ƙamshin lemo ko na fure kuma na wankin ɗaki ne, ba na mazubin ruwan sha ba.

Abu ɗaya ne ba a yi ko da wasa: haɗa Javel da ruwan khal, ko lemon tsami, ko ruwan wanke masai. Haɗin na fitar da iskar kulorin mai ƙona ido da huhu, kuma a ɗaki rufaffe tana iya kai mutum asibiti. Ba a kuma zuba shi a tafasasshen ruwa. Kowanne da ranarsa, kuma a ɗauraye tsakani.

Sai mataki na ƙarshe, wanda kusan kowa ke tsallakewa: shanya. A kife jarka a kan wani abu mai tsabta, baki a buɗe yana kallon ƙasa ba tare da ya taɓa ƙasar ba, har cikinta ya bushe. Ƙwayoyin cuta da fumfuna ba sa bunƙasa a busasshen wuri. Gidan da ke da jarka biyu ko uku zai iya juya su, wata na aiki wata na shan iska. Ma'aikatan tsabta kan ba da shawarar a yi wa mazubin ajiya irin wannan wanki aƙalla sau ɗaya a mako, a ƙara yawaita shi da damina ko idan an ji ɓullar amai da gudawa a gari. Ruwan da aikin ke ci bai wuce 'yan litoci ba, kuma ruwan wankin na iya komawa wanke makewayi.

Gorar hannu da kwalbar zoɓo

Gorar da ake kaiwa baki kai tsaye wankin kullum take so, tamkar kofi. Ba wanda zai sha shayi a kofi ɗaya kwana bakwai ba wanki, amma gorar ɗan makaranta takan yi zangon karatu guda ana ƙara mata ruwa a kan na jiya. Da yamma a zubar da ragowar, a sa ruwan ɗumi da ɗigon sabulu, a goge da burushi mai dogon hannu, a kwance duk abin da ke kwancewa: murfi, zoben roba, da ɗan bututun tsotso in akwai. Baƙaƙen ɗigogin da ke fitowa ƙarƙashin zobe fumfuna ce. A bar gora da murfinta su kwana a buɗe, kowanne daban. Wanda ya wanke gora ya rufe ta da danshi ya yi rabin aiki ne, shi ya sa take tashi da warin rumfa.

Gorar ƙarfe da fulas na shayi ba sa son Javel, domin kulorin na cin ƙarfe da alminiyam har ya yi musu ƙananan ramuka. Su nasu ruwan zafi ne da sabulu. Idan shayi ya yi musu kanta ko suna wari, a sa cokali ɗaya na garin bikarbonat a ruwan zafi ya kwana. Farin ɓawon da ruwan rijiya mai gishiri-gishiri ke bari kuwa ruwan khal ke narkar da shi, wanda a shaguna ake sayarwa da sunan vinaigre.

A gindin yawancin robobi akwai lamba a cikin alama mai kusurwa uku. Lamba 1 ita ce siririyar kwalbar ruwan kanti da ta lemo, 2 ita ce robar jarka, 5 kuma robar da ta fi jure zafi. Mai lamba 1 ba ta ɗaukar ruwan zafi, tun kafin ruwa ya tafasa take motsewa. An yi ta ne don a sha sau ɗaya, jikinta da gargada, bakinta ƙarami, in ta lanƙwashe ko ta yi hazo wankinta ya zama wahala. Lamba 7 tarkace ce ta robobi iri-iri, ciki har da wata tsohuwar roba mai tauri da ke ɗauke da sinadarin BPA, wanda Faransa ta haramta a duk mazuban abinci tun farkon 2015.

Duk da haka, waɗannan kwalabe masu lamba 1 su ne jarin mata masu sana'ar zoɓo, abin da ake kira folere a Kamaru, karkanji a Chadi, sobolo a Ghana. Su ne kuma na kunun aya da na lemon citta. Hana amfani da su magana ce ta wanda ba ya zuwa kasuwa. Amma ya kamata a san cewa kwalbar da aka tsinto a tasha ko wurin biki ta bi ta bakin wani, ta kwanta a ƙasa, kuma sukari da za a ɗura mata abinci ne da ƙwayoyin cuta ke so fiye da komai. Tsoma kwalabe ɗari a baho ɗaya na ruwan omo raba dauɗa ne a tsakaninsu. Mai sana'ar da ke son ta riƙe masu sayenta takan ware masu karce da masu wari ta zubar, ta goge sauran ɗaya bayan ɗaya da burushi, ta jiƙa su da murafensu a ruwan Javel da aka auna, ta ɗauraye da ruwa mai tsabta, ta kife su a kwando har su tsane.

Kwalbar nan tana da wani amfani idan sabuwa ce garau. A cika ta da ruwan da ba shi da laka, a kwantar da ita a rana tsawon awa 6, ko kwana 2 in gari da hadari, hasken rana zai kashe yawancin ƙwayoyin gudawa. Hanya ce da masu bincike a Suwizalan suka inganta, ana kiran ta SODIS. Tsohuwar kwalba da ta dushe ba ta yin wannan aiki, domin hasken ba ya ratsa ta yadda ya kamata.

Salka ta da, da salka ta zamani

Jakar ruwa ta roba mai tiyo, wadda ake goyawa a baya a riƙa tsotsa ana tafiya, ta fara yawaita a hannun sojoji, da masu tseren keke, da matafiya, har a kasuwar kayan gwanjo ana cin karo da ita. Takan ci lita 1 da rabi zuwa 3. Asalinta daga wani ma'aikacin agajin gaggawa ne a jihar Texas ta Amurka, Michael Eidson, wanda ya cika ledar ƙarin ruwa ta asibiti ya cusa a safa ya goya lokacin wani tseren keke cikin tsananin zafi a ƙarshen shekarun 1980. Daga nan kamfanin CamelBak ya taso. Ga wanda ya san ayarin Agadez da Bilma, wannan ba sabon abu ba ne, salka ce aka yi wa tiyo.

A cikin duk mazuban ruwa babu mai wuyar bushewa kamarta. Bangonta biyu na mannewa da juna su riƙe danshi, tiyon kuma dogo ne siriri. Saboda haka ruwa zalla ake zuba mata, ban da lemo, ban da madara, ban da garin sha mai sukari. Bayan kowace tafiya a juye ta, a wanke da ruwan ɗumi da sabulu marar ƙarfi, a ɗaga ta sama a matse bakin tsotso don ruwan sabulu ya bi ta tiyo, sannan a maimaita da ruwan ɗauraya har ɗanɗanon sabulu ya tafi. Ana sayar da dogon burushi na tiyo, amma igiya mai tsabta da aka ƙulla wa ɗan ƙyalle a tsakiya, a zura a ja gaba da baya, tana yin aikin. Bakin tsotso ana cire shi a wanke daban. Tafasasshen ruwa na lalata robar da wuraren da aka liƙe ta.

Wajen shanya sai an sa mata wani abu a ciki da zai buɗe ta, ko da ludayi ne mai tsabta, a rataye ta baki ƙasa a inuwa mai iska, tiyo kuma a rataye shi a miƙe. Masu firiza kan naɗe ta bayan wanki su ajiye a ciki. Sanyi na hana fumfuna tsirowa amma ba ya kashe ta, don haka bai zama madadin wanki ba. Tiyon da ya riga ya yi baƙi a ciki, burushi ya kasa fitarwa, sauya shi ake yi. Wadda aka saya a gwanjo kuwa sai ta sha ruwan Javel da aka auna, jaka da tiyo, kafin ta ga baki.

Salkar fata tata dokar daban ce. Sanyinta na zuwa ne daga ɗan ruwan da ke tsattsafowa ta jikin fata yana bushewa da iska, kuma Javel na cin fata. Tunda ba za a iya kashe ƙwayoyin cikinta da magani mai ƙarfi ba, ruwan da za a ɗura mata ne ya kamata ya zama an tafasa ko an sa masa magani tun a wani mazubi. Direbobin hamada da masu zuwa haƙar zinariya sun sami tsaka-tsaki: bido da aka ɗinke da buhu, a jiƙa buhun iska ta sanyaya ruwan. Dabara ce mai kyau, kuma duhun buhun na hana gansakuka. Illarta ita ce ba a ganin ciki, don haka sai an haska da tocila ta baki, a kuma tuna cewa a tafiya mutum goma na iya kafa baki a bido ɗaya. Kofi ɗaya da ake tsiyayawa a ciki ya fi kowa ya kafa kai.

Randa tana sanyaya ruwa ta hanya ɗaya da salka, kuma wankinta da sauƙi tunda hannu na shiga. Shigar hannun ce kuma matsalarta, kamar bokitin Malawi. Faifai ko murfi a baki, moɗa mai dogon mariƙi da ake ratayewa, wadda ba a sha da ita sai dai a zuba a kofi, sun rage yawancin haɗarin. A riƙa ƙarar da ruwan ana wanke gindinta kafin a sake cikawa, maimakon ƙara sabo a kan tsoho. Randa ko duro da aka bari a buɗe wurin ƙwai ne ga sauron da ke yaɗa zazzaɓin dengue da chikungunya, kuma sauron kan liƙa ƙwansa a bango daidai bakin ruwa, inda sai an goge da soso yake fita. Abeche ta ga chikungunya a 2020, ta ga dengue a 2023.

Saura ɗan ga-ruwa, wanda jarkokinsa goma ko goma sha biyu ke shiga gidaje da yawa a wuni ɗaya. Uwar gida na iya wanke randarta fes, amma ba ta da iko da jarkar da ke kan kurarsa, ko guntun tiyon da ake ɗura ruwa da shi a bakin famfo, wanda sau da yawa a cikin taɓo yake kwana. Mai sayen ruwa na da haƙƙin ya leƙa cikin jarka kafin a juye masa. Masu famfo da ƙungiyoyin 'yan ga-ruwa kuma na iya yin abin da aka yi a Abu Shouk a ƙaramin mataki: rana ɗaya a mako, baho ɗaya na sabulu, ɗaya na ruwan Javel da aka auna, da ƙusa a bango inda za a riƙa rataye tiyo.